Tambayar Kujerar Baya

Malamin kimiyya na juya sukari da cokali a kofin ruwa, muryarsa ta dushe, lokacin da yarinyar kujerar baya ta ɗaga hannu. Darasin ƙarshe ne, rabin ajin na gyangyaɗi.

"Malam, yaya ake auna gishiri da sukari a ruwa?"

"Ki rubuta abin da na ce: sukari yana narkewa, yashi ba ya narkewa. Awo ba zai fito a jarrabawa ba."

Ya juya ga allo. Shekara da shekaru yake maimaita darasin nan, har ya daina jin abin da bakinsa ke faɗa.

"Don Allah, Malam. Idan gishirin ya yi yawa fa?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ya juyo zai yi faɗa, sai ta riga shi magana.

"Ƙanina ne ke gudawa tun jiya. Mama na wurin aiki, Kaka kaɗai ke gida. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari da safe, ya ƙi sha. Ko kuka ba ya iya yi."

Malamin ya ajiye alli, ya laluba aljihu, ya ciro makullin babur.

"Taso. Ina ne gidanku?"