Tsaga a Jikin Turke

Ke da kike ta kukan an hana ki haƙƙinki, share hawayen nan ki saurara. Ni ban yi boko ba, amma na san yadda ake karɓar abu a hannun mutane.

An yi wani mai lambun albasa da ya gaji fili can ƙarshen rafi, bai gaji ruwa ba. Rafin nan tun kaka da kakanni aka rabe shi kaf, kowane yini da mai shi, masu rabon ma sun fi ruwan yawa. Ya je gaban sarkin rafi ya ce ciyawar kachala da ta toshe magudana tana shanye rabon mutum uku, in ya cire ta a bar masa abin da ya ƙaru. Aka bushe da dariya. Wani dattijo ya ce, “Ɗana, ruwan da ido bai gani ba, da wane ƙoƙo za mu auna maka?” Ga irin albasarsa ya fara langaɓewa, in aka ƙara mako biyu shekarar ta tafi.

Bai rantse ba, bai kai ƙara ba. Ya saro turke ya kafa cikin magudana, ƙasa da inda ciyawar ta toshe. Ya kira sarkin rafi da dattijon nan, ya miƙa musu wuƙa, su da hannunsu suka yi tsaga a jikin turken daidai inda ruwa ya tsaya. Sannan ya tuɓe riga ya shiga. Kwana tara yana sara yana tumɓuke saiwa, matsattsaku na shan jininsa, tafin hannunsa duk ya farfashe. Inda gaɓa ke yoyo ya kwaɓa yumɓu ya liƙe. Ran kwana na goma ya sake kiran su, ya nuna musu turken da haɓa. Ruwa ya haye tsagar da yatsa huɗu. Dattijon ya tsuguna ya auna da nasa yatsun, ya sake aunawa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Nan take aka yanke: tsohon ruwa na masu shi ne, abin da ya hau bisa tsaga na wanda ya ceto shi, muddin bai bar kachala ta dawo ba. Kafin la'asar ruwa na gudu tsakanin albasarsa.

Namiji ke nan! Ai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, gani ya kori ji.