Wanzamin da Ya Haɗiye Tarinsa

Na rantse ko a bakin kabarin kakana na tsaya na ba ka labarin nan, cewa za ka yi na fara halin nawa. To, ka ji dai. An yi wani wanzami a wani gari, mai hannu kamar an dasa shi. Alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya ɗauki zabira, askarsa ba ta taɓa yin rawa a wuyan mutum ba. Har yakan ce wa wanda yake yi wa gyaran fuska, "Yi barcinka, maigida, ko girgizar ƙasa aka yi sai na gama za ka sani." Wata damina ruwa ya dake shi a hanyar ƙauye, mura ta sauka masa a ƙirji, tari ya biyo baya. Shi kuwa tari da aska ba sa zama inuwa ɗaya. Ga kuma bakin mutane, don a garin nan in ka yi tari sau biyu a majalisa, kafin la'asar an raɗa wa ciwonka suna, an daina miƙo maka kai. Sai ya ƙulla a ransa ba wanda zai ji shi. In tarin ya taso ya danne, ya cije leɓe, idanunsa su kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne. Da abin ya fi ƙarfin dannewa ya tafi kemis ya sayo maganin da ke kwantar da tari, yana kurɓa safe da yamma. Ƙirji ya yi shiru. Ya ce ya ci nasara.

Abin da bai sani ba, kakin da tari ke fitarwa, wanda yake ƙyama, danƙo ne Allah ya shafe hanyoyin numfashi da shi. Maganar danƙo kuwa ni za a tambaya, shi na shafa wa kujerar hedimasta aka raba ni da makaranta. Ƙura ta shigo ya kama ta, ƙwayar cuta ta shigo ya riƙe mata ƙafa, sannan tari ya zo ya yi waje da su gaba ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu danƙo ya san in ka bar abin da ka kama a kai ya kwana biyu, tarko ya tashi daga tarko ya koma juji. Haka aka yi a ƙirjin wanzami. Kakin ya yi kauri, ya toshe ƙananan hanyoyin iska. Ƙwayoyin da aka kama suka ga an ba su ɗaki da tuwo, suka zauna suna hayayyafa. Jiki ya turo mayaƙansa, aka yi ta gwabzawa a lungun da ba mafita, wurin ya kumbura, kumburin ya ƙara jawo kaki, gawarwakin yaƙin suka zama mugunya. Yana jin zazzaɓi yana cewa na damina ne. Matarsa ta ce, "Malam, numfashinka fa kamar ana jan buhu a ƙasa." Ya ce ta kula da tukunyarta.

Ranar da asiri ya tonu, askin suna aka kira shi. Aka ɗora masa jinjiri a cinya, kai laushi kamar ƙwai, mata sun cika tsakar gida ana guɗa. Ya yi rabin askin ke nan ya ji abin ya taso daga can ƙasa, ba irin wanda ake dannewa ba. Ya dubi askar, ya dubi maɗigar yaron tana bugawa a hankali ƙarƙashin yatsansa. Abin da ya iya yi kawai, ya yi jifa da askar gefe, ungozoma ta fizge jinjirin, shi kuma ya kife a ƙasa yana tari kamar zai amayo huhunsa. Abin da ya fito kore ne, da wari, da zaren jini. Guɗa ta tsaya. Duk idon da ya yi wa ɓoyo yana wurin.

A asibiti aka yi masa allurai, ƙwayoyin suka mutu, amma ɓarnar da suka yi ba ta mutu ba. Likitan ya ce masa, "Baba, ai tarin nan mai shararka ne, shi ka kora ka bar dattin." Ya rayu. Sai dai tun daga ranar bai sake riƙe aska ba, zabirar tana rataye gizo-gizo ya yi mata rumfa. Bayansa kuma bai ƙara taɓa tabarma ba, don in ya kwanta numfashi yankewa yake yi. A jingine da bango yake barci, yana tarin da duk unguwa ke ji. Dama Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya haɗiyi taɓarya, ya kwana tsaye.