Jinin Gida

"Ɓargon yayanki ya dace da naki," in ji sabuwar likitar. Mama ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Tun ina ƙarama ɓargona ya yi yaji, ya daina samar da jajayen ƙwayoyin jini. Duk sanda leɓena ya koɗe, hawa bene ya gagare ni, sai a kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu a yi min ƙarin jini. Dashen ɓargo ne kaɗai zai raba ni da allura.

"Jinin wa ake ƙara mata?" likitar ta tambaya.

"Na ɗan'uwanta mana," Mama ta amsa da alfahari. "Muna da na gida, ina za a ɗura wa 'yata jinin bare?"

Yaya ya naɗe hannun rigarsa ta gareji, ya nuna tabon allurai. "Rabinta ai ni ne, likita. Shi ya sa ta cika taurin kai."

Likitar ba ta yi dariya ba. A hankali ta yi mana bayani: jikina ya daɗe yana haɗuwa da jinin Yaya, ya gane shi, ya yi masa shirin yaƙi. Ko an dasa min ɓargon Yaya, jikina ba zai karɓa ba.

Mama ta nemi bango ta jingina. Yaya ya sauke hannun rigar, ya saka maɓalli. Na dubi tafin hannuna, jajir da jininsa na makon jiya, na dunƙule shi kada ya gani.