Fitar da Dou Weimin ta Ƙofar Baya

Ana tsaka da cin abincin rana 'yan sandan soja biyu suka fito da Dou Weimin ta bayan rumbun kaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, fararen hulunan kwanonsu sai ƙyalli suke yi. Jirgin ƙasa mai zuwa birnin Lanzhou zai tashi ƙarfe ɗaya da rabi. In ya wuce shi, sai ya kwana a bariki, kuma kowa ya san ba zai wayi gari da haƙoransa a cike ba.

Mako guda ke nan ana farautarsa. Sojoji sun ci alwashi a kansa. Har Pang mai dafa abinci, ɗan ƙauyensu da suka shigo soja a mota ɗaya, ya aiko a gaya masa ya tanadar masa ludayin ƙarfe. Wannan saƙon ya fi komai yi wa Dou ciwo. Shekara biyu yana cin shinkafarsa shi kaɗai a ƙarshen tebur, bai taɓa jin kaɗaici kamar na yau ba.

Aka cusa shi a bayan motar da ke kawo kabeji. Saje Qiao, babba cikin masu rakiyar, ya ja buhuna ya lulluɓe shi. Dou ya roƙi minti ɗaya tak ya ga Pang. Qiao ya ce masa ya yi wa kansa faɗa, wanda ake nema ba ya zaɓen ganawa.

A ƙofar baya motar ta ja birki. Ta hudar buhu ya hango Pang da kansa ya tare hanya, wuyan riga a buɗe, taba a baki. Hannun Dou ya kai aljihun ƙirjinsa da kansa, inda ya saba ajiye ɗan littafinsa da biro, ya tarar ba komai a ciki.

"Ina kuka kai ɗan banzan nan, Saje? Saboda shi aka yi auren ƙanwata ba ni nan."

"Koma kan tukunyarka, Pang, miya na ƙonewa."

Motar ta wuce. Dou ya ciji buhu don kada kuka ya ƙwace masa.

Saura minti shida suka isa tasha. Qiao ya karkaɗe masa ganyen kabeji daga kafaɗa, ya zaro katon jan fure na takarda, irin wanda ake maƙala wa sojan da ya gama aiki da yabo, ya liƙa masa a ƙirji. Masu rakiyar biyu suka ƙame, suka sara masa. Qiao ya ce:

"Sauka lafiya, Yaya Dou. Shekara biyu kana ɗan sandan soja, sunan soja ɗari huɗu ka rubuta a littafin laifi, har na ɗan ƙauyenku kan maɓalli ɗaya da bai ɓalla ba, aka soke masa hutu. Farar hular nan ba ta taɓa hawa kan da ya kai naka ba."