Sun Gan Ni a Waya

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini, sai a yi mini afuwa. Na manta shekarar, na kuma manta ko wan ne ya fara barin shagon mahaifinsu ko ƙanen. Abin da na riƙe shi ne dukansu biyu sun zauna a ajina, kuma tun a lokacin, in na yaba rubutun ƙaramin, babban sai ya wuni bai yi wa kowa magana ba.

Kafintoci ne, hannu ɗaya suka gada. Da tsohon ya rasu kowa ya buɗe nasa shagon, tituna uku ko huɗu tsakaninsu, kowa kuma ya rubuta laƙabin mahaifin a allonsa, don babu wanda ya yarda ya bar wa wani. In ka ajiye gadon wannan kusa da na wancan, ko uwarsu ba ta rabewa.

Babban yana da wata ɗabi'a. In la'asar ta yi sai ya rufe shago ya tafi bencin mai facin taya, wanda ke jingine da bangon ƙanensa, wai hira ta kai shi. Mai faci kuwa ya ce bai taɓa ƙarasa masa jimla yana kallonsa ba, idonsa na kan ƙofar.

Wata rana a gabansa aka loda kujerun ƙanen a mota. Ƙanen ya leƙo yana share gumi. "Yaya, ka shigo mana ka sha ruwa."

"Na ƙoshi."

Babban bai tashi daga wurin ba sai da ya ciro waya ya buɗe wa shagonsa shafi a intanet, ya zuba hotunan gadaje da kabad, yana danna duk abin da wayar ta tambaye shi da sauri kamar mai gudun ruwan sama. Ya biya kuɗin talla na farko tun motar ba ta sha kwana ba.

Kira ya yi ta shigowa, amma duk na 'yan "nawa ne" ne, su ji farashi su kashe. Wani masanin harkar ya ba shi shawara ya cire lambar waya, ya bar maɓallin da ke nuna hanyar shago kawai, wai mai saye da gaske ƙafarsa ke kawo shi. Ya kuma ce a daina nuna tallan ga kowa da kowa, a nufi masu shirin aure da masu sabon gida. Shawara ce mai kyau, ni ma da na ji na jinjina kai.

Babban ya share shago, ya sayi kujerar baƙi, ya zauna jira. Wayar tana ce masa dubbai sun gani, da yawa sun danna, amma ƙofarsa sai ƙuda.

Shagon ƙanen kuwa ya cika. Iyayen amare suna sauka daga mota da waya a hannu, suna nuna hoto, suna cewa irin wannan suke so. Har ya ɗauki ma'aikata biyu.

Babban ya kasa haƙuri, ya tare shi a bakin ƙofa. "Kai, faɗa mini gaskiya. Nawa kake zuba wa talla?"

"Wallahi Yaya ko sisi. Cewa suke sun gan ni a waya. Ni da tawa ko hoto ba ta ɗauka, in ta faɗi ƙasa ma ƙasar nake tausaya wa."

"Ni za ka raina wa hankali? Ni na goya ka fa."

"To Yaya, ga aiki ya yi mini yawa, ka karɓi rabi mana."

Wannan maganar ta fi komai ƙona shi. Ya koma gida ya ce wa matarsa yaron nan yana talla a ɓoye, kuma sai ya ga wanda zai riga gajiya. Ta ce, "Maigida, kai da ɗan'uwanka?" Ya ce ta bar shi.

Ya ninka kuɗin. Layin ƙofar ƙanen ya ƙara tsawo. Ya sake ninkawa, ya sa aka yi masa bidiyo yana goge katako. A nan na ɗan rikice, ban tuna ko babur ya fara sayarwa ko zoben matar ba, amma na tabbata injin yankan katakon mahaifinsu ne na ƙarshe, wanda aka sha rigima a kansa kafin ya faɗo a rabonsa. Ranar da aka zo ɗauka ya tsaya yana shafa shi. Kafinta ba inji, ai shago ya mutu.

Da kuɗin injin suka ƙare, tallan ya tsaya. A makon nan motoci suka ɗauke ƙafa daga ƙofar ƙanen, ya sallami ma'aikatansa. Babban ya zo wurina fuska a sake, karo na farko a wata da watanni. "Malam, ka gani? Shi ma ya gaji. Aƙalla ban faɗi ni kaɗai ba."

Wani abu ya tsaya mini a rai. Bayan ya tafi na nemo shafinsa a wayata, na danna maɓallin nuna hanya, na ɗauki sandata na bi. Wannan kam ban manta ba, don sau biyu na maimaita tafiyar. Wayar ta wuce da ni ta gaban shagonsa ba ta ce uffan ba, sai da na tsaya a bencin mai faci, a jikin ƙofar ƙanensa, ta ce na iso, domin a nan babban yake zaune ranar da tasa wayar ta tambaye shi ko inda yake ne shagonsa, ya danna e.