Jan Ƙwallo Cikin Ciyawa

Karo na uku ke nan darakta tana dawo da aikin. Malam Lamba ya jiƙe da gumi sharkaf, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana ta hura iska a kansa.

Shekara ashirin yana gyaran launin finafinai a kan kujerar nan. A nan ma ya samo laƙabinsa, don shi ba ya aiki da ido. Kowane launi yana da lambarsa a wani tsohon littafi da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Abokan aiki kan tsokane shi, wai ga mai yi wa taurarin fim kwalliya, amma kullum uwargida ce ke zaɓa masa hular da za ta shiga da riga. Yakan yi dariyar yaƙe ya wuce.

Wannan fim ɗin kuwa da rigima ya zo. Labarin wani kare ne, kuma darakta ta kafe sai mai kallo ya ga duniya yadda karen ke ganinta. An ɗauki komai daga tsayin gwiwa: ƙafafun mutane, ƙarƙashin tebur, wani jan ƙwallo cikin koriyar ciyawa. Saura launi. Likitan dabbobi ya ce kare yana ganin shuɗi da rawaya, amma ja da kore sun koɗe masa kamar rigar da ta sha wanki.

Littafin Malam ba shi da lambar wannan. Kwana tara yana lalube, ko abincin kirki ba ya ci.

A rana ta goma darakta ta shigo da kanta. Ta rufe littafin, ta ɗora jakarta a kai.

"Malam, yau da ido za mu yi. In ba za ka iya ba, faɗa mini in nemi wani."

In ya bar kujerar nan, ina zai dosa da furfurarsa?

Ta saka hotuna biyu a allo. Na hagu shi ne na asali, na dama kuma samfurin da likitan ya aiko. Ta daɗe tana kallon na daman, har muryarta ta yi sanyi.

"Allah sarki! Dubi yadda ƙwallon ya ɓace cikin ciyawa. A ce haka halitta za ta ƙare rayuwarta? Wallahi abin tausayi. To bismillah, Malam, mayar mini da na hagu kamar na dama."

Ya ɗora hannu a kan na'ura. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu.

Bai ga abin da zai gyara ba, domin tun ranar da aka haife shi, da idon karen nan yake kallon duniya.