Kwamfutar Lungu

"Umma, mutum zai iya zama kawuna ba tare da kin san shi ba?"

Umma tana guga, jariri yana tsala kuka a bayanta. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Kawunnanki biyu, kuma su ma sun ishe ni. Je ki cire kayan makaranta."

'Yar Baba ta yi jim a bakin ƙofa kamar da sauran magana, sannan ta wuce.

Yarinya ce mai i'ina. Babanta yana aiki a nesa, sai an daɗe ake ganinsa. A aji kuwa, da ta buɗe baki sai yara su kama kwaikwayonta. Shi ya sa duk ranar darasin kwamfuta, idan aka yi rububin kujerun gaba, ita sai ta zarce lungu. Can akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi, kusa da tsintsiya da bokiti, wadda babu mai so.

Kwamfutocin ɗakin duka a haɗe suke da wata babba da ke ofis. Daga can malamin kwamfuta yake tura musu doka: a rufe shafukan hira, a toshe shafukan banza. Da ya fara tura dokar, sai ta lungun ta riƙa daskarewa, domin babbar manhajar da ke tafiyar da ita tsohuwa ce. Maimakon ya yi mata tata dokar, sai ya sa sharaɗi: doka ta hau kan masu sabuwar manhaja kaɗai. Ya ce a ransa zai dawo kan tsohuwar idan ya samu sarari. Bai dawo ba.

Duk ɗakin a kulle yake, ban da wannan ƙofa guda.

A nan 'Yar Baba ta faɗa wani shafin wasa mai wurin hira. A rubutu babu i'ina. Wani ya gaishe ta, ya yabi amsarta, ya ce ta riƙa kiransa Kawu. Bai taɓa yi mata dariya ba. Sannu a hankali ya san sunan makarantar, da kalar jakarta, da cewa Umma kan makara wajen ɗauko ta saboda jariri.

Rannan Umma ta iso ta tarar da harabar makaranta fayau, sai mai gadi kaɗai.

"Baba, ina 'yata?"

Mai gadi ya ce, "Ai kawunta ya ɗauke ta, Hajiya. Ita da kanta ta kama hannunsa ta ce mini kawunta ne."

Sai a lokacin tambayar nan ta ranar guga ta dawo wa Umma.

Dab da faɗuwar rana wata mai sayar da ruwa ta tsinci 'Yar Baba a bayan tasha, zaune a kan dutse, takalmi ƙafa ɗaya. An fizge 'yan kunnen da kakarta ta bar mata, jini ya bushe a wuyanta. Ba ta kuka. Kallon hanya kawai take yi.

Washegari a ɗakin kwamfuta malam yana ta rantsuwa. "Wallahi, Hajiya, na rufe komai. Zo ki gani."

Ya gwada kwamfutar gaba, shafin hira ya ƙi buɗuwa. Ya gwada ta tsakiya, haka. Umma ta nuna lungu. Ya je ya danna, shafin ya buɗe tangaran.

"Tsohuwa ce," ya ce a hankali. "Dokar ba ta hawa kanta. Na ce zan dawo..."

"Malam, da ka bar ta a kunne, ɗan wa ka zata zai zauna a kanta?"

A ranar aka zare wayar kwamfutar, aikin da bai fi ƙiftawar ido ba.

Kunnen ya warke. Maganar ce ba ta dawo ba. Yarinyar da a da take fama kafin kalma ta fito, yanzu ko gwadawa ba ta yi. Da yamma Umma kan ajiye guga ta zauna kusa da ita, ta ce, "Tambaye ni ko mene ne, ina jinki." 'Yar Baba sai ta dubi bango.

Ku masu kula da kwamfutocin makarantu da ofisoshi, idan kun ware doka ga masu sabuwar manhaja, ku waiwayi waɗanda ta tsallake. Ko ku yi musu tasu, ko ku cire su daga layin intanet tun yau. Ɓarawo ba ya ƙirga ƙofofin da aka kulle, wadda aka manta yake nema.

Ke kuma 'yar uwata, je ki ga inda ɗanki yake zama da idonki, kada ki tsaya ga "mun rufe komai". Kuma idan ya yi miki tambayar da ba ki gane kanta ba, ajiye abin da ke hannunki ki juyo. Wataƙila ba zai sake tambaya ba.